Sauya fulorasan zuwa LED a shagon sana'a: kurakuran da ke ƙona ƙwai

Teloli, kafintoci da masu walda da yawa a Katsina sun sauke tsohuwar doguwar fitilar fulorasan sun koma LED, kuma suna da hujja. Tsohon ƙwai mai tsawon ƙafa huɗu wat 36 yake ci, cok ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita masa wuta a cikin gidan fitilar, ya ƙara cin wat 6 zuwa 10, alhali LED mai wannan tsawon wat 18 ya ishe shi. Inda ake samun matsala shi ne sabon ƙwan yana shiga tsohuwar holda, wato mazaunin da ke riƙe kan ƙwan, daidai wa daida, sai mai shago ya ɗauka aiki ya ƙare, ga shi wayoyin cikin gidan fitilar ba don shi aka haɗa su ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen ƙwai ba tare da an duba ta inda yake shan wuta ba. Wani ta kai ɗaya yake sha: za ka ga an rubuta L (layif, wayar da ke kawo wuta) da N (nutural, wayar da wutar ke komawa ta cikinta) kusa da fil biyun da ke wannan kan, ɗaya kan kuwa riƙo kawai yake yi. Wani kuma ta kai biyu, layif a wannan gefe, nutural a wancan. Akwai na uku da ake sayarwa tare da wani abu mai kama da sitata, ɗan abin nan da ke tayar da fulorasan; an yi wannan ƙwan ne don a bar cok ɗin ƙarfe a wurinsa. In wannan ka saya, cire tsohon sitata ka sa wanda ya zo a kwalin, domin shi ba sitata ba ne, gada ce, galibi da fiyus a ciki. Barin tsohon sitata yana sa ƙwan ƙiftawa ko ya ƙi kamawa. Idan kuma cok ɗinka na zamani ne, marar nauyi wanda ba ya aiki da sitata, kada ka ɗora masa LED sai in kwalin ya faɗi ƙarara cewa sun dace.

A shagon sana'a cire cok ɗin gaba ɗaya ya fi. Kashe bireka, ka kashe janareto da inbata in akwai, sannan ka taɓa wayoyin da testa kafin hannunka ya kai. Kashe makunnin bango kaɗai bai isa ba. Yanke wayoyin cok, cire sitata, ka cire kafasita in tana ciki, ita ma amfaninta ya ƙare. Ga ƙwai mai kai ɗaya, kai layif zuwa rami ɗaya na holda, nutural zuwa ramin da ke kusa da shi, ɗaya holdar ka bar ta ba waya. A nan ne ake jin ƙara a ga tartsatsi, saboda wasu holdoji ramukansu biyu a haɗe suke ta ciki. Gwada da mitar gwajin waya tukuna. In ta nuna a haɗe suke, sauya holdar. Ga mai kai biyu, layif a holdar dama, nutural a ta hagu, kuma kada a saka ƙwan wuta na kunne, don fil ɗin kan da ke hannunka na iya jan ka da zarar ɗaya kan ya shiga. Haɗin waya a yi shi da kanekta mai sukuru. Murɗe waya a naɗe da salatif ba ya jure zafin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Wayar at, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, mai launin kore da ruwan ɗorawa, a bar ta ɗaure a jikin ƙarfen fitilar.

Bayan an gama, a ɗauki maka a rubuta a jikin gidan fitilar cewa ba cok, a nuna kan da wuta take. In ba haka ba, watarana yaron shago zai ɗauko tsohon fulorasan ya cusa, volt 230 ya bi ta siririn zaren cikinsa kai tsaye, ya ƙone nan take, wani lokaci har da fashewa.

Wasu kan yi kukan cewa sun kashe fitila amma tana ɗan haske ko ƙiftawa da dare. Mafi yawan lokuta nutural ne makunnin yake yankewa, layif na nan a kan ƙwan. Tsohon fulorasan yana ɓoye wannan aibin, LED kuwa ɗan abin da ya zurara ya ishe shi nunawa. A mayar da makunnin kan layif, wato jar waya a tsohon wayarin, mai ruwan ƙasa a sabo.

Sai ƙwan da ke mutuwa cikin 'yan watanni. Ba kasafai 'yan fitilun cikinsa ke fara lalacewa ba, ɗan allon da ke daidaita musu wuta ne ke ƙonewa. Duba kwali ka zaɓi wanda aka rubuta wa 85 zuwa 265V, shi ya fi jure hawa da saukar wuta. Masu walda su ware wa fitilu layinsu da birekarsu daban da na injin walda, kuma a kashe fitilu kafin a tayar da janareto, a kunna bayan ƙararsa ta daidaita. A kula da ƙwan sola mai 12V da ke kasuwa, kamanninsu ɗaya, amma wutar gida tana kashe shi a kunnawar farko.

Game da haske, fulorasan ta kowane gefe yake watsawa, LED gefe ɗaya. A juya farin gefen ya kalli teburin aiki, kuma lumen, wato ma'aunin yawan haske, za a duba, kada a tsaya kan wat: ƙwan wat 18 mai kyau ba ya gaza lumen 1,600. Tela mai haɗa launin zare da yadi zai fi jin daɗin ƙwan da aka rubuta wa 4000K, lambar da ke nuna launin haske, don 6500K yana ja zuwa shuɗi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙwai mai arha a kan injin yanka katako ko dutsen wasa ƙarfe. Yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya kamawa, amma yana iya sa abin da ke juyawa ya yi kamar a tsaye yake. Kunna shi a shagon mai sayarwa ka haska da kyamarar waya. In ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a allon, kada ka kai shi kusa da inji.

Tsofaffin ƙwayayen da aka sauke akwai sinadarin makuri a cikinsu, kuma guba ne. Kada a fasa su a cikin shago, kada a bar wa yara su yi wasa da su. A zura su cikin kwalayen sababbin, a ɗaure. In ɗaya ya fashe, a buɗe ƙofa da taga, a fita na minti 15, sannan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.