Yadda ake zaɓar na'urar nuna hanya ga babbar mota mai ɗaki

Kafin ka shiga kanti ko ka buɗe intanet kana duba farashin na'urar nuna hanya, nemo tsani da tef ɗin awo da dogon katako miƙaƙƙe. Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya sayi irin motar nan ke nan, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, wadda mutanen Turai ke fita yawon hutu da ita. A Ingila nake tuƙa tawa, idan yara sun samu hutu kuma mu tsallaka Faransa mu nausa gaba. An gina ta a kan ƙirar Fiat Ducato, tsawonta mita 7.4, nauyin da aka yarda ta kai, ita da kayanta gaba ɗaya, tan 4.25.

Dalilin awon shi ne, duk tsadar na'ura ba ta ganin motarka. Tela ce da ka ba awo ta waya: abin da ka faɗa shi za ta ɗinka. Kuma lambar da ke cikin littafin mota ta ranar da ta fito daga masana'anta ce, kafin a ɗora mata na'urar sanyaya ɗaki da faifan sola da kwanon tauraron ɗan adam. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, hau tsani, ɗora katakon a kan abin da ya fi komai tudu a rufin, ya leƙo gefe, wani ya auna daga bakinsa zuwa ƙasa. Tawa littafi ya ce mita 2.95, tef ya ce 3.10. A na'ura 3.20 na rubuta, domin kwalta takan ƙaru idan an sake shimfiɗa titi, mota kuma takan yi tsalle.

Faɗi ma a auna shi sau biyu, da madubai a buɗe da kuma a naɗe. Jikin irin waɗannan motoci yakan kai kusan mita 2.3, amma madubai na ƙara abin da ya kusa rabin mita. Tsawo kuwa a haɗa da maratayin kekuna na baya, kekunan na kai. Sai nauyi: loda ruwa da gas da kayan abinci da mutanen gida yadda za ku fita, ka je sikelin auna manyan motoci a ba ka takarda. Ka rubuta duk lambobin a kati, da mita da kuma ƙafa da inci, ka manna inda idonka zai faɗa kansa kana riƙe da sitiyari. A Birtaniya motar da tsayinta ya wuce mita 3 doka ce ma a manna wannan sanarwa a wurin direba. Allunan gadojinsu da yawa da ƙafa da inci suke magana, kuma bakin gada ba wurin lissafi ba ne. Mita 3.20 ƙafa 10 ne da inci 6.

To, yanzu a yi maganar saye.

Google Maps da Waze, waɗanda kowa ke da su a waya, ba su da inda za ka rubuta tsayi ko nauyin mota. Ƙaramar mota suke ɗauka kana ciki, kuma idan suka ga cunkoso a babban titi sai su karkatar da kai lungu don ka tsira da minti uku. Ga mai ƙaramar mota wannan alheri ne. Ga mai tan huɗu, lungun nan na iya ƙarewa a irin gadar jirgin ƙasa ta titin Stuntney a garin Ely, mai tsayin mita 2.7, wadda ke cikin gadojin da aka fi kai wa karo a Birtaniya. A Landan akwai hanyar ƙarƙashin kogi ta Rotherhithe, iyakarta mita 2 a tsayi, mita 2 a faɗi. A yammacin Faris akwai ta A86 mai hawa biyu, ita ma mita 2. Duk waɗannan hanyoyi ne masu kyau a idon manhajar ƙananan motoci. Ban ce ka goge su ba. Wajen neman masallaci ko shagon naman halal a garin da ba ka sani ba, da ganin inda hanya ta toshe yanzu-yanzu, har yau ban ga kamarsu ba. Amma ba su ne za su ja ragama ba.

Masu jan ragama iri biyu ne. Akwai na'ura mai zaman kanta da ake mannawa a gilashin gaba, kamar jerin Garmin Camper, wanda a Amurka ake sayarwa da sunan Garmin RV, da TomTom GO Camper. Akwai kuma manhajojin da ake saukewa a waya ko kwamfutar hannu, irin su CoPilot da Sygic ta manyan motoci, da OsmAnd mai aiki da taswirar OpenStreetMap. Dukkansu suna karɓar tsayi da faɗi da tsawo da nauyi su zana hanya da su. Na'urar takan ci ɗaruruwan fam a tashi ɗaya. Manhaja ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yawancinsu kuɗin shekara-shekara ne.

Ni na'ura mai zaman kanta na zaɓa, kuma dalilina ba na fasaha ba ne sosai. Gilashin gaban motar nan faɗi gare shi, rana na dukan dashbod tun hantsi, waya kuwa idan ta yi zafi sai ta rage hasken fuskarta ko ta daina caji. Ga kira yana shigowa daga gida daidai lokacin da kake tunkarar shataletale mai baki biyar. Na fi son abin da aikinsa ɗaya. Amma wanda ke da tsohuwar kwamfutar hannu mai GPS a cikinta, ya sauke taswirar ƙasashen da zai bi tun daga gida, bai yi asara ba. GPS ba ya cin data, taswira da labarin cunkoso ne ke ci.

Girman fuska ya fi muhimmanci a nan fiye da a ƙaramar mota, domin tsakanin kujerar direba da gilashi akwai tazara. Inci 5 ya yi kaɗan. Inci 7 ya wadatar da ni. Akwai masu inci 8 da 10, sai dai ka tabbata ba za ta tare maka ganin titi ba, kuma abin manna ta zai iya riƙe nauyinta a hanya mai gargada. Ka kuma ji ƙarar muryarta, don injin dizal da kwanukan da ke kaɗawa a kabad suna haɗiye ƙaramar murya.

Abin da na fi tsayawa a kai idan ina gwada na'ura shi ne taswirar da ke cikinta da yadda ake sabunta ta. Tambayi mai shago ƙasashe nawa ta ƙunsa, ko sabuntawar kyauta ce, ko kuma tana yi ta Wi-Fi ba sai an jona ta da kwamfuta ba. Sannan ka yi mata jarrabawa. Saka awon motarka, ka ce ta kai ka wani wuri a unguwarku da ka san gajeriyar hanyarsa ta ƙarƙashin gajeriyar gada take bi. Idan ta zagaye, madalla. Sai ka mayar da ita kan ƙaramar mota ka ga ko hanyar ta canza. Manhajoji da dama na ba da 'yan kwanakin gwaji kyauta, wannan ne amfaninsu.

Nauyi na da nasa labarin, kuma tan 3.5 ita ce iyakar da komai ke juyawa a kanta a Turai. Lasisin ƙaramar mota nan ya tsaya. Sama da haka har tan 7.5 sai mai rukunin C1, wanda a Birtaniya waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1997 suka samu a ɓagas, mu kuwa sai da muka sake zama. Dokar gudu ma takan canza: a babban titin Jamus motata ba ta wuce kilomita 100 a awa. Na'ura mai kyau za ta nuna maka iyakar gudun da ta shafi nauyinka, ba wadda ke kan allo don ƙananan motoci ba, kuma lokacin isowa da za ta ba ka zai fi kusa da gaskiya. Kuɗin hanya kuma haka. A Faransa motar da ta kai mita 3 a tsayi ko ta haura tan 3.5 ta bar aji na biyu ta shiga na uku. A Ostiriya sitikar ƙananan motoci ba ta yi mata, sai ƙaramin akwatin GO-Box mai lissafa kilomita. Don haka ka duba ko na'urar na barinka ka ce a kauce wa titin kuɗi a wannan tafiya kaɗai, ba sai ka kashe shi gaba ɗaya ba.

Wasu abubuwan na'ura za ta iya yi maka gargaɗi amma ba za ta yi maka su ba. Biranen Jamus da yawa na neman koriyar sitikar hayaƙi, na Faransa na neman tasu sitikar mai suna Crit'Air, Landan kuma na da nata yankunan da ake cajin mai tsohon inji. Tun 2021 Faransa ta wajabta wa motar da ta haura tan 3.5 manna sitikar gargaɗin masu keke da masu tafiya a ƙasa game da gefen da direba ba ya gani. A can kuma haramun ne na'ura ta nuna maka daidai inda kyamarar kama masu gudu take, tarar na iya kai yuro 1,500, shi ya sa sai an sabunta ta ko a kashe wannan sashe kafin a sauka Calais, mashigar Faransa daga Ingila. Akwai kuma zancen gas. Idan na'urar na da wurin da za ka ce kana ɗauke da tukunyar gas ta girki, cika shi, domin wasu hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na da ƙa'ida a kai.

Inda duk suke gazawa, masu tsada da masu araha, shi ne hanyar da babu allon doka a kanta. Na'ura ta san gadar da aka rubuta wa tsayi da titin da aka rubuta wa nauyi. Ba ta san lungunan Cornwall da Devon na kudu maso yammacin Ingila ba, inda mota ɗaya ce ke wucewa, kuma ciyawar da ke gefe tana rufe da katangar dutse, mai goge fenti har ta tsaga jikin mota. Ba ta san barandar da ta leƙo titi a ƙauyen Italiya ba, ko reshen bishiyar da ya sunkuyo bayan ruwan sama. Hawan Hardknott a arewacin Ingila gangarensa ya kai kashi 30 cikin ɗari da kwanoni masu naɗewa, ba wurin motar mita bakwai ba ne ko da na'ura ta yi shiru. Saboda haka a saitin hanya nakan zaɓi mafi sauri, ba mafi gajarta ba, don mafi gajarta ita ce mai ratsa gonaki.

Da daddare, bayan sallar isha'i, ni da uwargida mukan zauna a teburin motar mu bi hanyar gobe. Na'ura ta zana, mu kuma mu buɗe taswirar takarda ta direbobin tirela, wadda ake buga tsayin gadoji a jikinta, mu kwatanta. Kilomita biyar na ƙarshe su ne abin tsoro, don haka su muke dubawa a hotunan titi na Google, mu ga faɗin mashigar da idonmu. Yawancin sansanonin kwana suna rubuta hanyar da suke so manyan motoci su biyo, wani lokaci har su ce kada a bi na'ura daga mahaɗa kaza. Maganarsu ita ce gaba, su ke zaune a wurin. Kuma lambobin GPS na wurin nake sakawa, ba lambar gidan waya ba, wadda a ƙauye takan rufe fili mai faɗi ta ajiye ka a ƙofar gonar wani.

Idan duk da haka ka tarar da allo mai jan da'ira da lambar da ta gaza ta katinka, allon ne mai gaskiya. Tsaya, kunna fitilun gargaɗi, bar na baya su yi ta hon. A gidanmu uwargida ce ke sauka ta tsaya inda nake ganinta a madubin gefena, kuma mun yi yarjejeniya: idan ta ɓace daga madubi, ko ta ɗaga hannu ta ce "Malam, tsaya," ƙafata na kan birki. Ribas ɗin mita ɗari da irin wannan mota yakan ci minti goma da gumi. Gada mai baka kuwa, tsayin da aka rubuta na tsakanin fararen layukan da aka zana a jikinta ne, don haka ko lambar ta ishe ka sai ka jira hanya ta yi sarari ka bi ta tsakiya. Wanda tsautsayi ya sa ya taɓa gadar jirgin ƙasa a Birtaniya, akwai ƙaramin allo a jikinta mai lambar gadar da lambar wayar Network Rail, masu kula da layin dogo. Ya kira nan take, ko da a ganinsa gogar rufi ce kawai, domin sai sun duba ta kafin jirage su ci gaba da bi ta kai yadda suka saba.