Ka Karanta Gini Kafin Ka Ja Mesa

Ƙannena sababbin 'yan kwana-kwana, idan motarmu ta tsaya a wurin gobara, idon kowa na kan harshen wuta. Ni rufi nake fara kallo. Da me aka yi shi, me ke riƙe da shi, kuma tun yaushe wuta take cin abin da ke riƙe da shin? Amsar nan ce ke gaya maka ko za ka shiga, ko daga waje za ka yi feshi.

Littattafan horo na Amurka sun raba gini kashi 5, tun daga na kankare mai jure wuta har zuwa na katako zalla. Ku san su. Amma a Kano gida ɗaya sai ya haɗa uku: zauren ƙasa, ɗakunan bulo, ga kuma bene da aka ɗora daga baya.

Wanda za ku fi gamuwa da shi shi ne ginin bulo mai rufin kwano. Bangon ba ya ci, shi ya sa yake ruɗar sabon shiga. Haɗarin yana tsakanin silin da kwano, inda siraran katakai suka bushe ƙarau da zafin rana, ga wayoyin lantarki a shimfiɗe. Sau da yawa bangon da ya raba ɗakuna bai kai kwano ba, sai wuta ta bi ta sama ta riga ka zuwa ɗaki na uku kana fama da na farko. Don haka ka wuce gaban wutar, ka tsaya a bakin ƙofa, ka sa ƙugiya ka huda silin ka duba. Kada ka huda kana tsakiyar ɗaki. In silin na roba ne, narkewa yake yana ɗiga, hayaƙinsa kuma na ƙone maƙogwaro. Sannan tun kafin wani ya shiga, a yanke ƙarfen taga ko da guda ɗaya, saboda hanyar fita.

Sito mai rufin ƙarfe kuwa, kada ƙarfinsa ya yaudare ku. Idan zafi ya kai digiri 550 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyos, ƙarfe ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Kafin ya lanƙwashe yana miƙewa: mai tsawon mita 30 zai ƙaru da kusan santimita 20, ya turo bango waje. Ku ja da baya gwargwadon tsayin bangon sau ɗaya da rabi, ku kafa mesa ta kusurwar gini, ku sanyaya ƙarfen daga nesa.

Benen kankare ya fi kowanne ba ka lokaci, amma yana da iyaka. In ka ji yana fashewa tas-tas, ɓarɓashi na faɗowa har rodi ya bayyana, to zafi ya kai ga ƙashin ginin. Ka kuma tuna ruwan da kake zubawa nauyi ne: lita 1,000 tan ɗaya ce. A bene irin na Kantin Kwari, dilolin atamfa da shadda shanye ruwan suke, nauyin ya zauna a kan kankaren benen da wuta ta riga ta gasa. Matakala kuma ita ce hanyar hayaƙi, a rufe ƙofofinta.

Ginin ƙasa shi na fi so ku natsu a kansa, don nan ne littafi ya yi ƙarancin bayani. Bangon tubali ba ruwansa da wuta. Azara ma, da yake daga giginya take, mai tauri ce, kuma katako mai kauri bai cika cinyewa ya kai milimita ɗaya a minti ba. Abin da ke kayar da soro shi ne ruwanmu. Ƙasar da ke kan azara ta jiƙe ta yi nauyi, gindin bango ya yi laushi, alhali azarar ta riga ta rage kauri. Wani dare da hunturu ina cikin wani soro a cikin gari, wuta ta lafa, na haska fitila sama sai na ga ƙasa na zubowa siririya tsakanin azara biyu, kamar ana tankaɗe gari. Na dafa kafaɗar abokin aikina muka fito da baya. Ba mu gama naɗe mesa ba rufin ya zauna, ƙura ta turnuƙe tsakar gidan. Tun daga ranar, a soro feshi kaɗan-kaɗan nake yi, ina sa a buɗe indararo ruwa ya fita, kuma ba na barin kowa ya hau sama ko ya tsaya ƙarƙashin rawanin gini. Bayan an kashe, ku duba bakin azara inda ya shige bango, nan wuta ke kwana tana ci a ɓoye.

Rumfunan kasuwa na katako da langa-langa ba su da wata juriya. Wanda ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ya san gudun wuta a irin wannan wuri. Ku duba inda iska ke kaɗawa, ku sha gaban wutar, ku rushe layin rumfa ɗaya a sami fili, sannan ku tambayi masu gadi inda ake ajiye fetur ɗin janareta da tukwanen gas.