Sabon ma'aikaci a gidan kula da tsofaffi: abin da ka gani, ka faɗa, ka rubuta

Kuskure a wannan aiki ya fi shigowa lokacin miƙa aiki, sa'ad da 'yan dare ke tashi, 'yan safe ke karɓa. Ka iso da wuri, da biro a hannu. Kan kowane dattijo ka tambaya: ya ci, ya sha, ya faɗi, an sauya masa magani ko abinci? In magana ta wuce ka da sauri, ka ce a maimaita, kai ma ka faɗi abin da ka fahimta. Gyaɗa kai ba a gane ba shi ke sa a miƙa ruwa tsinkakke ga mai wahalar haɗiya, alhali takardar kulawarsa ta ce mai kauri. Ruwan sai ya bi hanyar numfashi, ya haifar da ciwon huhu. Ma'aunin IDDSI, wanda ake auna kaurin abin sha da laushin abinci da shi, yana da mataki 0 zuwa 7: abin sha 0 zuwa 4, abinci 3 zuwa 7. Lambar za ka duba, ban da kintace.

Ka tarar da mutum a ƙasa? Kada tausayi ya sa ka ɗaga shi. Danna ƙararrawa, ka zauna tare da shi har nas ta duba, don mai yiwuwa ƙashin kwatangwalo ya karye, ko kai ya bugu, wanda ya fi haɗari ga mai shan maganin tsinka jini. Injin ɗagawa kuma, in an rubuta mutum biyu, to biyu ne, ko da ranar hannu ya yi ƙaranci.

Kai ke yi musu wanka, don haka kai za ka fara ganin sauyi. Jan da bai gushe ba bayan ka danna da yatsa, a diddige ko ƙasan baya, farkon gyambon kwanciya ne. A baƙar fata duhu yake yi, ko wurin ya ɗauki zafi. Tsohuwar da jiya ke hira, yau ta rikice, a binciki ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa. Gaya wa nas nan take: wace ce, me ka gani, tun yaushe, me kake so a yi. Sannan ka rubuta da lokaci, ko da abin ya tsaya a saura ƙiris.

In ka kai ƙorafi manaja ya yi kunnen uwar shegu, a Ingila kana iya sanar da hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen kula da asibitoci, kai tsaye, kuma dokar 1998 ta ba masu fallasa irin wannan kariya.