Yadda za ku tsayar da ƙona bola a unguwarku

Wallahi ba abin da ke ci min rai da hunturu kamar hayaƙin bola da asuba, leda da tsohuwar taya da robobi duk an haɗa an cinna musu wuta, yara na tafiya makaranta suna tari, masu asma kuwa ba a magana.

Kar ka tashi kai kaɗai ka je kana wa mutane ihu, faɗa kawai za a yi. Nemi maƙwabta biyar ko shida ku buɗe guruf a WhatsApp, duk ranar da aka kunna wuta a ɗau hoto a rubuta lokaci, sati biyu ma ya isa. Ni har farin ƙyalle nake shanyawa a katanga da daddare, da safe ka gan shi duk baƙin toka, wannan ba mai musa maka.

Daga nan sai wurin mai unguwa da liman. Ku rubuta takarda kowa ya sa hannu a kai hukumar kwashe shara, a Kano REMASAB ce, kwafi ɗaya kuma a kai NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, don tun 2011 akwai dokar hana ƙone-ƙone a fili. Ku tabbata an buga wa naku kwafin hatimi.

Amma fa in ba inda za a kai sharar gobe ma sai an ƙona. Ku yi karo-karo ku ɗauki mai baro ya riƙa kwashewa, roba da gwangwani kuma a ware wa 'yan bola jari, su kuɗi ma za su ba ku.