Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Manna Madubin Roba a Fuskar Jita

Masu kiɗan biki a Damagaram sun san yadda jita mai fuskar madubi take ɗaukar ido idan hasken fitila ya dake ta, shi ya sa ake kai wa kafintoci wannan aiki. Madubin roba, wato akirilik, ya fi gilashi dacewa domin nauyinsa rabin na gilashi ne kuma yana yankuwa da zarto. Sai dai yawancin ɓarnar daga bayansa take farawa, domin abin da yake haska fuska wani siririn shafin alminiyum ne da aka rufe da fenti mai ruwan toka, kuma idan shafin ya lalace babu gyara.

Kuskure mafi girma shi ne zaɓen gam. Da yawa sukan ɗauki gam ɗin da masu takalma suke amfani da shi, saboda ana samunsa a Kasuwar Dole da arha kuma yana kamawa nan take, alhali sinadarin da yake ba shi wannan wari mai hawa kai yana cin fentin bayan madubin. Ranar farko aikin zai yi kyau, amma bayan ɗan lokaci sai a ga tabo ya fito daidai inda buroshi ya bi, kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin ruwa. Sufa gulu yana sa robar ta yi hazo ko ƴan tsage-tsage, silikon mai warin tsami kuma yana cin alminiyum. Abin da ya dace shi ne silikon marar tsami wanda aka rubuta a jikinsa cewa na madubi ne, ko kuma siririyar takardar gam mai fuska biyu irin ta kamfanin 3M, wadda a ganina ta fi, domin kaurinta ɗaya ne ko'ina. Kowanne aka samu, a fara gwada shi a kan guntun da ya rage, a bar shi mako guda.

Daga nan sai katakon kansa. Madubi mai kaurin milimita 2 ko 3 yana lanƙwasuwa, saboda haka yana bin duk wani tudu ko kwari da ke ƙarƙashinsa, har mutum ya duba ya ga hancinsa ya karkace. A goge fuskar jitar ta zama sumul, a cike ramuka, a ɗora rula a duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashinta. A lokacin hunturu kada a yi mannawar a bakin titi, domin ƙwayar yashi ɗaya idan ta maƙale za ta fito kamar ƙurji a tsakiyar madubin. A shiga ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, sannan a manna daga gefe ɗaya ana dannawa a hankali don kada iska ta tsaya a ciki.

Ba kowace jita ce take karɓar wannan ado ba. Mai fuska a miƙe irin Telecaster ita ce ta dace. Mai doro irin Les Paul ba ta yi, kuma gasa madubin domin ya lanƙwasu yana dusar da shi. Jitar da ba ta lantarki ba kuwa, madubi zai danne muryarta.

Wajen huda ma ana yawan asara. Bakin huda na ƙarfe yana cafkar roba ya tsaga ta daidai lokacin da zai fita, don haka a ɗan dakusa kaifinsa, a sa katako a ƙasa, a tafi a sannu, kuma a bar ledar da ke fuskar madubin har a gama. Ramin ƙusa ya kamata ya fi ƙusar faɗi kaɗan, kuma kada a ɗaure ta tamau. Dalili shi ne robar tana miƙewa da zafi fiye da katako nesa ba kusa ba: faranti mai tsawon santimita 45 yakan ƙaru da kusan milimita 1 idan zafi ya hau da digiri 30, abin da jitar da aka bari cikin mota a watan Afrilu za ta gani a wuni ɗaya.

Akwai kuma waɗanda sukan ɗora jaki, wato abin da ke tallafe tsirkiya a fuskar jita, a kan madubin, su manta cewa sun ɗaga shi da milimita 3, sai tsirkiya ta yi nisa da wuyan jitar har yatsu su gaji. Ko dai a rage fuskar katakon daidai kaurin madubin, ko a yanke wa jaki gurbinsa ya zauna a kan katako, tare da mayar da wayar da ke haɗe da shi, in ba haka ba lasifika za ta riƙa gurnani.

Idan an gama, kada a goge shi da fetur, tina ko maganin wanke gilashi. A hure ƙurar tukuna, sannan a bi shi da tsumma mai laushi da ruwan sabulu kaɗan, ba tare da barin ruwan ya shiga ta gefe ba.