Yadda za ka buga hoton fuskarka da rariya a salon Pop

A shekarar 1962 ne Andy Warhol, mai zanen nan na Amurka da ya yi fice a salon Pop, wato zanen da ke aro daga tallace-tallace da hotunan taurari, ya fara ɗora hotunan kyamara a kan kyalle ta hanyar bugun rariya, wato dabarar da masu buga rubutu a jikin riguna suke amfani da ita har yau a Kano da Kaduna. Fuskar Marilyn Monroe, tauraruwar fina-finan Amurka, tana cikin abubuwan da aka fi saninsa da su a lokacin, amma ba a jima ba ya waiwayo kan tasa. Tsakanin 1963 da 1964 ya buga hotunan da ya ɗauki kansa sanye da baƙin tabarau a rumfar hoto mai sarrafa kanta, a 1986 kuma, shekara guda kafin mutuwarsa, ya fitar da waɗanda gashinsa yake tsaye cirko-cirko a cikin duhu. A dukansu an rage fuskar har ta koma kamar tambarin kayan kanti, kuma wannan ragewar ita ce ainihin aikin da ke gabanka.

Saboda haka ka daɗe a kan hoton kafin ka taɓa tawada. Ka tsaya kusa da taga yadda haske zai bugi gefe ɗaya na fuskarka, ɗaya gefen ya nutse cikin inuwa, domin hoton da haske ya game ko'ina ba ya barin komai idan an tace shi. A kwamfuta ka cire launi, ka ƙara bambancin fari da baƙi har ruwan toka ya ɓace, ya rage girare da ramin ido da inuwar hanci da layin leɓe. A nan ne yawancin mutane suke jin tausayin fuskarsu, su ƙi barin kunci ko haɓa su ɓace, sai bugun ya fito kamar hoton fasfo da ya sha ruwa. Idan fatarka mai duhu ce, ka ƙara haske tun wajen ɗauka, in ba haka ba fuskar za ta dunƙule ta zama baƙi guda. Wanda yake son inuwa mai laushi yana iya mayar da ita ɗige-ɗige irin na hoton jarida, salon da Roy Lichtenstein, wani mai zanen Pop na Amurka, ya yi suna da shi, amma ɗigon ya zama manya, kamar 40 zuwa 45 a kowane inci.

Daga nan sai ka buga hoton da baƙi ƙirin a kan leda garai-garai. Idan haske yana ratsa baƙin, ka buga biyu ka haɗa su. Rariyar da ta dace da takarda ita ce mai zare wajen 90 a santimita, ba mai 43 da ake buga riguna da ita ba, domin mai 43 tana zubar da tawada fiye da yadda takarda za ta iya sha. A ɗaki mai ƙarancin haske ka shafa mata maganin nan mai jin haske, siriri kuma daidai, ka bar ta ta bushe a cikin duhu. Sannan ka ɗora ledar, ka danne da gilashi, ka haska da fitila ko da rana. Inda haske ya taɓa, maganin zai taurare, inda baƙi ya kare kuwa zai wanke da ruwa, ta nan tawada za ta bi. Tsawon lokacin haskawa ya danganta da maganin da ƙarfin hasken, don haka ka fara gwadawa a kan ƙaramar rariya.

Launuka ake fara sawa, baƙi ya zo a ƙarshe. Warhol yakan shafe fili da fenti, launin fata da leɓe da bango, sannan ya buga baƙin hoton a kai. Kai ma kana iya yin haka da buroshi, ko ka yanka takarda ta zama makari ga kowane launi. Uku sun isa, kuma su zama masu kaifi, kamar ruwan hoda da ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske. A ganina babu dalilin neman launin fata na gaskiya, tunda ba kamanni ake nema ba.

Ka kafe firam ɗin rariyar da hinji a kan tebur, ka manna alamomi uku inda gefen takarda zai riƙa zama. Ka zuba tawada a saman rariya, ka shimfiɗa ta a hankali, sannan ka ja robar matsa tawada zuwa gare ka sau ɗaya, a karkace, da ƙarfi iri ɗaya. Gocewar launi daga layin baƙi tana cikin kyan wannan salo, jan leɓe ya ɗan zarce leɓen, amma ka goce da gangan, ka kuma maimaita gocewar a kowane kwafi, domin ido yana rarrabe niyya da sakaci. Lokacin hunturu tawadar ruwa tana saurin bushewa a cikin rariya ta toshe ramukan, don haka kada ka tsaya hira tsakanin bugu da bugu, kuma ka wanke rariyar da zarar ka gama.

Idan sun bushe, ka ware masu kyau, ka sa hannu da fensir a ƙasa ta dama, lambar kwafi ta hagu, misali 3/20. Kafin ka kankare maganin daga rariyar, ka buga baƙin nan sau huɗu a takarda guda, kowanne a kan launi dabam.