Darasi Na 9: Gidan Gado Da Bashin Banki

To jama'a, darasin yau kan abinda ke raba zumunci ne, wato gidan gado.

Ga misali. Mahaifi ya rasu ya bar gida da takardar mallaka, satifiket ɗin da ake cewa siyo-o. Ba a raba gado ba, takardar tana can ƙasan akwatin ƙarfe a ɗakin tsohuwa an naɗe ta a leda. Sai babban yaya ya shigo da wasu takardu yace "Inna dangwala min nan, na gyaran ruwan famfo ne", ita kuwa bata karatu, ta shafa tawada a babban yatsa ta dangwala, ƙannen ma ya saka musu hannun bogi, ya juya gidan zuwa sunansa ya kai banki jingina ya karɓi kuɗi. Ba wanda ya sani sai ranar da aka zo aka liƙa sanarwar gwanjo a bakin zaure.

Banki zai ce shi fa da gaskiya ya bada bashi, takarda ya gani da sunan mutumin. Amma ƙa'idar kotu itace mutum baya bada abinda ba nasa ba, in har an tabbatar sa hannun na bogi ne to jinginar bata hau kan rabon sauran magada ba, ko tumunin Inna. Matsalar tana wajen tabbatarwar, kuma anan ake shan wahala, shekaru ana zirga zirga ana biyan lauya. In kuma kun san an yi jinginar kuka yi shiru don kunyar yaya, ko kuka ci kuɗin tare, shirun nan banki zai kafa hujja dashi.

Bankin ma akwai abinda ke kansa. Dokar filaye ta 1978 tace jinginar fili mai siyo-o sai da amincewar gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina ta Savannah Bank saboda rashin wannan amincewar. Sannan ya kamata banki yayi bincike a ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ya je ya ga waye ke zaune a gidan.

Rabon gado kotun shari'a ke yi, amma rigimar siyo-o da banki babbar kotun jiha ake kaiwa, kada ku ɓata kuɗin mota.

Wani abu da yawancinmu bamu sani ba, doka ta kare wanda baya karatu: duk wanda ya rubuta takarda a madadinsa dole ya saka sunansa da adireshi, alamar an karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala.

Aikin gida: kowa ya je ya duba takardar gidansu, ya rubuto sunan da ke kai da lambar fayil, gobe mu karanta tare.